Yadda Za Ki Zauna Daram a Randar Inna Maiturare

Ke ƙwayar cuta, kin gaji da yawo a ruwan rafi? Bi waɗannan matakai, na yi miki alkawarin gida kyauta. Sirrin a bakin Miracle na ji shi, ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa garinmu Kuyello.

1. Zaɓi gida

Nemi randar da ake ɗaurayewa, ba wadda ake dirzawa ba. Ta Inna Maiturare, uwar mijina, ita ce daidai ke. Inna ta ce santsin nan na ciki shi ke ba ruwa sanyi da ɗanɗano.

2. Gyara fatarki

Fata ita ce jarinki. Ki zama kamar ganyen gwaza, wanda ba ya shiri da ruwa: ki guji ruwan, ki rungumi bango. Kaɗa wutsiya ki isa, ki samu ɗan kaushi, ki kafa 'yan gashin jikinki kamar ƙarangiya a zane. Mai sulɓin jiki, da moɗar farko ake kwashe ta.

3. Yi yauƙi

Da kin kama, fito da yauƙin da ya fi na kuɓewa, ki lulluɓa. Hayayyafa, ki kira dangi. Ƙwaya ɗaya baƙuwa ce, dubu kuwa unguwa. Miracle ta ce ko magani da ƙyar yake ratsa wannan bargo.

4. Dogara da kunya

Wannan ya fi yauƙin ƙarfi. Wace suruka ce za ta dubi uwar miji ta ce randarta na da datti? Ni dai ko sunanta na yanka ba na iya kamawa.

5. Kada ki taɓa jikar gida

A nan 'yan uwanki suka yi wauta. Suka shiga cikin 'yata Huraira, zawo ya kwantar da ita, har muka kai ga asibiti. Da muka dawo na ɗebi toka da soso, na durƙusa gaban Inna. Ta dubi tokar, ta dubi Huraira a bayana.

"Dirza har gindi, 'yar nan," in ji ta. "Ɗanɗano ba ya kirana Kaka."

Gargaɗi: in kin ji soso a bayanki, babu ruwana. Gida na yi miki alkawari, ban ce har yaushe ba.