Ƙarfen Gidan Malam Nomau

A wani gari da ake kira Shafe-Shafe, abin kunya ne, har doka ta hana, a ga abin da ke ɗauke da kaya. Jaki ma sai an lulluɓa masa zane kafin ya shiga kasuwa.

Malam Nomau, tsohon malamin makaranta, ya so ya faɗaɗa falonsa, sai ya rushe bangon tsakiya. Ashe bangon ne ke riƙe da benen da 'ya'yansa ke kwana. Magini ya gitta ƙaton ƙarfe a gurbin bangon. Da yake Malam mai bin doka ne, ya sa aka kewaye ƙarfen da katako, aka shafe, aka yi fenti. Ka rantse ado ne.

Ba a jima ba sai ga Sarkin Kwalliya, jami'in da ke duba kyan gidaje.

"Malam, me ke riƙe da benen nan?"

"Ƙarfe ne, ranka ya daɗe."

"Ina yake?"

"Na rufe shi, yadda doka ta ce."

"Madalla. Wato ba ka da shaida."

Majalisa ta zauna a kan batun, aka ci kaji, aka yanke hukunci: duk abin da ke tsaye a garin, hikimar Mai Gari ce ke riƙe da shi. Wanda ya ce ƙarfe ne, ya yi ɓatanci. Aka zare ƙarfen, aka tafi da shi ofis don bincike.

Ko ƙofar gida masu ɗauke da ƙarfen ba su kai ba benen ya fara ƙara. Malam ya ga ƙura na zubowa, ya ji dariyar yara a sama. Ya haye tebur, ya tokare rufin da kafaɗunsa.

"Delu, sauko da yaran!" ya ce wa matarsa.

"Malam, an hana! Wai saukowa nuna rashin yarda da hikimar Mai Gari ne."

Sarkin Kwalliya ya dawo, ya tarar da dattijo yana gumi. Ransa ya ɓaci.

"Haba Malam! Da girmanka, ka ɗauki kaya a gaban jama'a? Ina magini? A rufa masa asiri."

Aka kewaye Malam da katako, aka shafe sumul, aka bar masa 'yar kafa ta shan iska, don hukuma ba ta zalunci.

Ranar Juma'a Mai Gari da kansa ya zo gani. Ta kafar nan Malam ya hango shi yana shafa sabon ginshiƙi, yana jinjina kai.

"Wannan fasaha ta gida ce," in ji Mai Gari. "Benaye nawa ne a garin nan ke kan ƙarfe?"

"Da yawa, ranka ya daɗe."

"A zare su duka. Ƙarfe daga waje ake kawo shi. Mutane kuwa, alhamdu lillahi, muna da su."