Ranar da Ilu Ya Zura wa Rijiyata Gas

"Gwaggo, ni da na gyara injin jirgin ƙasa da hannu ɗaya, rijiyarki ce za ta gagare ni?" in ji Ilu, wanda duk Goron Dutse ba mai ce masa Injiniya sai bakinsa.

Shekarar da soja suka koma bariki ce, kowane shashasha ya zama masani. Rijiyata na son yasa, sai an janye ruwa a kai ga laka. Fetur ya yi wuya, sai Ilu Sarkin Surutu ya haɗa injin jan ruwa da tukunyar gas ta girki, ya naɗe mahaɗin da robar keke. Da tiyo bai kai ba, ya zura inji da tukunya can ƙasa.

Malam Isyaku, tsohon mahaƙi, ya ce, "Fito da shi. Inji cinye numfashin rami yake, gas kuma ƙasa yake kwanciya."

"Baba, zamanin ƙwarya ya wuce! Tanko, sauka."

Tanko mai yasa, uban 'ya'ya bakwai, ya sauka da igiya a ƙugu. Jim kaɗan inji ya mutu, igiya ta daina motsi. Muka jawo shi sharkaf kamar tsumma, sai da aka sheƙa masa ruwa ya farfaɗo.

"Ragwanci ne, bai karya ba," in ji Ilu. "Koma!"

Na ce, "Kai ka haife shi?"

"To, ku da me kuke gwada iskar rami? Ba fitila ba? In ba ta mutu ba, zai koma."

"Wannan a ramin da ba a cika da gas ba ne, ɗan nan!" in ji Malam Isyaku. Ya ja Tanko zuwa zaure, na bi su. Ban yi boko ba, amma ina da hanci.

Gogan ya kunna fitilata, ya zura, ya leƙa da kai har wuya.

Bum! Kaji suka haye katanga. Tanko dai bai koma ba. Muka tarar da Ilu zaune daɓas, ba gemu, ba gira, kai na hayaƙi.

Sai ga maƙwabciyata 'Yardada da kwano, tana shinshina.

"Gwaggo, babbakar kan rago kuke, ba ku sam mana ba?"

Na nuna mata Ilu. "Ga kan can, ɗauki. Amma kar ki wahala fasawa, babu ƙwaƙwalwa a ciki."