Maganin Aman da Ya Raba Ni da Falmata

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na je jaje ƙauyen su Falmata ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Lokacin ina tsakiyar karatun likita, amma a unguwarmu a Haɗeja tuni an naɗa mini rawanin "Dakta", ni kuwa ina amsawa har da gyaran murya. A makaranta ba ma zuwa asibitin ɗalibai. Mu da bin layi? Kai ya sara, ka zuge jaka. Ciki ya murɗa, ka tambayi na gadon sama abin da ya rage masa. Haka muke haɗiyar ƙwayoyi kamar gyaɗa.

Falmata ce yarinyar da nake so, mun daidaita, saura manya su shigo. Ambaliya ta cinye shinkafar mahaifinta, Malam Bukar, a fadamar Auyo, sai ta ce in zo in jajanta masa, ya gan ni ido da ido. Hanya ta yanke, sai kwalekwale. Ni kuma, duk da a bakin kogi aka haife ni, kwalekwale tayar mini da zuciya yake yi. In shiga gidan surukai da amai a gaban riga? Allah ya kiyaye! Na ɓalli maganin hana amai na haɗiye. Da na ga faɗin ruwan na ƙara, a tsakiyar kogi na sake ƙarawa. (Illar maganin nan har jarrabawa na ci a kanta. Amma a ganina illa ta marasa lafiya ce, ba ta Dakta ba.)

Na tarar da Malam Bukar a zaure da dattawan ƙauyen, na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, ina wuni? Ya muka ji da wannan ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, ɗan nan. Kai ne likitan?"

Na buɗe baki zan yi kawaici, sai na ji muƙamuƙina ya riƙe. Wuyana ya fara murɗewa hagu da kansa, idanuna suka kafe a rufin zaure, harshe ya zazzago waje kamar na akuyar da aka yanka. Ga yawu, dalala, a kan sabuwar shaddata.

"Innalillahi!" in ji wani tsoho. "Mutanen ruwa ne suka shafe shi a hanya!"

Kafin ka ce kwabo an danne ni. Wannan na tofi, wancan na mini kiran salla a kunne, an kawo kasko ana turara mini hayaƙi. Abin baƙin cikin, hankalina garau yake. Na san sunan abin da ya same ni, na san allurar da za ta warware shi, amma duk bayanin da na yunƙuro sai ya fito "aaa… laaa". Sai su ce, "Kun ji ko? Ya fara magana!" Ta bayan zana ina jiyo kukan Falmata, ko waiwayawa ban iya ba.

A kwance aka mayar da ni cikin kwalekwalen. A asibiti allura ɗaya aka yi mini na dawo mutum. Likitan ya tambaye ni, "Wa ya rubuta maka?" Da harshen da ya dawo na ce, "Ni ne."

Magana ta bazu cewa saurayin Falmata farfaɗiya gare shi. Na roƙi kawuna ya je ya wanke ni, ya faɗa musu gaskiya: lafiyata ƙalau, magani ne kawai na sha ya yi yawa. Ya dawo fuska ba annuri, ya maimaita mini abin da Malam Bukar ya ce:

"Da ciwo ne, da na ba shi, don ciwo na Allah ne. Amma wanda ya yi wa kansa haka da iliminsa, me zai ɗura wa 'yata ranar da ta ce kanta na ciwo?"

Bayan girbi aka ɗaura mata aure da wani malamin firamare a Kaugama. Har yau abin yana ci mini rai, kuma ba ni da wanda zan zarga. Darasin dai na ɗauka: yanzu ko mura nake yi, layi nake bi in nemi likita na gaske, wanda ba shi ne majinyacin ba.