Robar Man A'i a Firjinmu

"…lafiya lau, sai dai rana. Ke baiwa, ba za ki karɓi jakar uwar ɗakinki ba sai na roƙe ki?"

"Wace uwar ɗaki? Ni wata Balarabiya na gani a bakin ƙofa, na ɗauka ɓatan hanya ta yi. Sai da na kalli gaɓoɓin yatsunki na ce af, ashe 'yar Fagge ce."

Gaisuwarsu ke nan, ba su da wata. A'i da Nuriyya taubasai ne, mahaifin A'i shi ne yayan mahaifiyar Nuriyya, don haka a wasan dangi A'i ce uwar ɗaki, Nuriyya kuwa baiwa. Ni Hadijatu ban haɗa jini da ko ɗaya ba, haya kawai muke yi tare da Nuriyya a unguwar Al Nahda ta Dubai, amma duk sanda A'i ta zo daga Kano saro kaya ni ce ke rasa rabin falo da barcin rana. Wannan zuwan nata, a shekarar da ta gabaci korona, ya faɗo daidai ranar Cika-ciki, ana irin zafin nan na Dubai da in ka leƙa waje sai ka ji kamar an buɗe maka tukunyar tuwo a fuska. Ina kicin ina yanka albasa, kaji na kan wuta, ƙofa a buɗe ina jin komai.

Ba sari kaɗai ya kawo A'i ba. Nankarwa ta cinye mata damatsa da cinyoyi, jajaye masu faɗi kamar an zane ta da bulala. Kowa ya san man bilicin ne ya jawo mata, ita kaɗai ke cewa gado ne. Ta kwana biyu da sauka a gidanmu, ranar kuwa daga wajen wata likitar fata take a unguwar Port Saeed, wadda ke rage nankarwa da hasken leza.

"To, an babbake ki?" in ji Nuriyya. "Tun ɗazu nake shinshina iska ban ji ƙauri ba."

"Jahilci dai bai yi ba. Leza haske ne, ba wutar mai balangu ba. Ke ko an haska miki ma asara za a yi, babu hasken da zai shiga wannan duhun ya fito da rai."

"Na ji. Nuna min inda aka haska."

"Ba a haska ba."

"Wuta aka ɗauke? A Dubai?"

A'i ta zube a kan kujera ta cire takalmi. Doguwar riga ce a jikinta mai hannu har wuyan hannu, duk gumi ya jiƙa bayanta.

"Likitar ce matsoraciya. Ta kama damtsena ta ɗan ja fatar, ta ce habibti, wannan fatar ta koma ɓawon albasa. Wai in ta sa min leza yanzu ƙonewa zan yi, tabon ya fi nankarwar muni. Sai na bar shafe-shafe gaba ɗaya, wata uku ko fiye, fata ta dawo hayyacinta, sannan ta gwada a ɗan wuri. In ya karɓa sai a riƙa yi shwaiya shwaiya, wato kaɗan-kaɗan. Ta ba ni wani man asibiti, wai shi zai kwantar min da ƙaiƙayi in na daina."

"Kuma zai goge tas?"

"Ta ce ba allo ba ne. Dusashewa zai yi, sai an matso kusa za a gani."

"Wallahi ta burge ni. Wane mai kika ce mata kina shafawa?"

"Man kaɗanya."

"Man kaɗanya! Hadijatu, fito ki ji ƙarya da rana tsaka! Me ta ce?"

"Ta kalli fuskata, ta kalli ƙafata, ta ce wannan kaɗanyar a wace ƙasa take tsirowa."

Nuriyya ta faɗi a kan kwalin atamfofi tana dariya har da buga ƙafa.

"Man kaɗanyar ne kika ɗura a robar bota kika ɓoye a firij bayan madara? Saura ƙiris Hadijatu ta shafa a burodi da safe!"

Wannan kam gaskiya ne. Har na ɗebo da wuƙa, warin ne ya cece ni.

"Da kin bar ta ta ci," in ji A'i, "a samu mai haske a gidan nan ko da a hanji ne."

"Ji mai magana. Kin manta hoton ranar sunan Muhsin, tun kafin ki fara shafe-shafe? Mu duka mun fito, ke haƙora da ɗankwali kawai aka samu. Kawu ya yi ta tambayar mai hoto ina ya kai masa 'yarsa."

"Ke kuwa ranar da kika fara sauka a filin jirgin nan, na'urar duba fuska sai da ta nemi a kawo mata tocila."

"Amma ta gane ni a ƙarshe. Ke da fasfonki ana kallonku kamar mutum biyu da suka yi faɗa. Fuska Beirut, wuya Agadas, ƙafa Fagge. Biza uku ya kamata ki riƙa nema."

"Baiwa, bakinki ya fi ƙarfin matsayinki. Da a da ne, da tuni na musanya ki da buhun gero."

"Babu mai karɓa, na fi buhun ci. Yalla, yaushe za ki daina?"

A'i ta gyara zama. Ta ja hannun rigarta ƙasa duk da ba a sama yake ba.

"Kin san me wata uku ke nufi?" ta ce. "Ke a ofis kike zaune, ba ruwan kowa da kalarki. Ni shago zan koma a Kwari. Matan da ke shigowa suna cewa Hajiya wane mai kike shafawa, su ne za su ga na fara dawowa dabbare-dabbare, nan fari nan baƙi. Kafin sati ya zagayo an baza a layi cewa A'i ta karye, kuɗin mai ma ya gagare ta. Kin san bakin 'yan kasuwa."

"To me ya kai ki wajen likita? Shekara nawa kina yawo da dogon hannu a zafi ba ki ce uffan ba?"

"Turai ce."

Turai 'yar A'i ce, ita kaɗai gare ta, tana aji ɗaya a firamare. Ina ganin hotonta a wayar uwar, baƙa ce sumul mai manyan idanu.

"Ta shigo ina sa riga," in ji A'i, "ta tsaya tana kallon damtsena. Ta ce Umma wa ya dake ki? Na ce babu kowa. Ta ce in faɗa mata, za ta rama min. Na yi dariya na kore ta. Ba a jima ba na same ta a bayan gado da robar man nan a cinya, ta lafta a kumatu har da goshi. Na fizge, na wanke mata fuska tana kuka. Wai malamarsu ce ta tambaye ta ko ni ce na haife ta, don ba mu yi kama ba. Ta ce ita so take mu yi kama."

Na ajiye wuƙar. Tausayinta ya kama ni sosai, haushinta ma ya kama ni, don na san da wannan labarin a bakinta za ta iya tashi ta buɗe firij ta shafa kafin magariba. Na zaci Nuriyya za ta rungume ta ko ta fara wa'azi. Ba ta yi ko ɗaya ba, miƙewa ta yi ta riƙe ƙugu.

"Uwar ɗakina, yau wace rana?"

"Me kuma ya kawo wannan?"

"Tambayarki na yi."

"Cika-ciki."

"Ina sharata?"

A danginsu abin ba wasa ba ne. Ranar Cika-ciki, duk abin da ɗan mace ya ɗora wa hannu a cikin kayan ɗan namiji ya ce sharata, ya zama nasa, babu roƙo babu musu. Wanda ya hana, shekara za a yi ana goranta masa a duk taron suna da biki. Sun ce akwai kawunsu da ya rasa rago sukutum ta haka, shekara guda kafin nan kuma ina gani Nuriyya ta kwance wa A'i agogo daga hannu.

A'i ta share ido da gefen mayafi, ta jawo jaka.

"Mayya. Ana zancen arziki kina zancen ciki. Ga turare nan na kasuwar Deira, ga mayafi, ga takalmi. Zaɓi ɗaya ki ba ni wuri."

"Turarenki na jabu?"

"Jabu? Ko kamfanin bai isa ya rantse ba nasa ba ne."

"Riƙe abinki."

Nuriyya ta wuce ni a kicin, ta buɗe firij, ta ture madara gefe, ta fito da robar botar ta ɗaga sama kamar wadda ta ci kofi.

"Sharata."

A'i ta zabura.

"Ke! Ajiye wannan! Nuriyya, ba na son wasan banza."

"Yau kuma na zama Nuriyya? Ina baiwar ta tafi?"

"Ɗauki sarƙar wuyana. Wallahi zinare ce, Hadijatu shaida ce."

"Ni ban ga komai ba, albasa nake yankawa," na ce.

"Me za ki yi da shi? Ke ko tanka guda aka juye miki kalarki ba za ta motsa ba."

"Tayil ɗin banɗakinmu ya yi duhu, shi zan goge. In ya rage in ba mai gadin bene ya wanke tayar mota."

"Haɗi na musamman ne fa! Daga Kano na taho da shi a cikin ƙanƙara!"

"Khalas, shi ke nan, ki hana ni. Ga waya nan, yanzu in kira Gwaggo Asama'u in ce 'yar namiji ta hana baiwa shara a ƙasar mutane. Kafin ki sauka a Kano an yi miki waƙa."

"Ba za ki yi ba."

"Har ta fara ringin."

"Kashe! Kashe, Allah ya shirye ki!"

A'i ta koma ta zauna. Ta daɗe tana kallon robar a hannun Nuriyya, ita kuwa ba ta sauke ta ba. Ni dai na san roba ɗaya ba ta raba mutum da mai, tunda mai haɗin yana nan a Kano da ransa da lafiyarsa. Kajina suka fara kamawa ban motsa ba.

Can sai A'i ta tashi ta nufi kwalayen kargonta da ke jingine da bango. Ta yage salatif ɗin na ƙasa, ta zura hannu cikin wani sabon fulas na abinci, ta zaro wata robar, babba, wadda ko buɗe ta ba a yi ba. Babu wanda ya san da ita a cikinmu. Ta dangwara ta a kan tebur.

"Ga ƙari. Kada a je a ce uwar ɗaki ta ba da rabin shara."

Nuriyya ta kalli babbar robar. Idonta ya ciko.

"Kuka za ki yi?" in ji A'i. "Hadijatu, kawo tocila mu gani, a wannan fuskar ba a gane hawaye."

"Albasar Hadijatu ce. Kuma in kin koma mai haɗin ya kira ki fa?"

"In ce masa baiwata ta gaje ni, ya nemi kuɗinsa a Al Nahda."

"Matan Kwari fa?"

"Su ce na karye. Atamfata suke saye, ba fatata ba." Ta juya bayan hannunta tana kallon gaɓoɓin yatsun nan baƙaƙe da ake tsokanarta da su. Ta shafa su da babban yatsa a hankali. "Kin ga nan? Kalar Turai ke nan sak."

"Ai shi ya sa nake gaishe su kafin in gaishe ki."

A'i ta fashe da dariya, ta ɗauki kwalbar turaren ta wurga mata, Nuriyya ta cafe.

"Haɗa da wannan, ki rage warin talauci. Kuma ki gaya wa likitarku ta sa lezarta a caji, bayan wata uku ina nan tafe da gajeren hannu a akwati. Saura in ƙwanƙwasa ƙofa ki ce ba ki gane ni ba."

"Haba uwar ɗakina," in ji Nuriyya, tana cusa robobin biyu a ledar shara. "Ai ranar ce zan gane ki tun daga lif."