Ranar da Na Ƙirga Inna Cikin Gidajen Reno

Ni dai babu abin da iyayi bai jawo mini ba. A ofishin tsare-tsare na ƙaramar hukumarmu nake aiki. Da matan yankinmu suka dami ciyaman sai ya gina musu gidan renon yara, ni aka ɗora wa aikin gano yara nawa ne ba su da mai kula da su da rana. Sai na kawo wata dabara da nake ganin babu wanda ya taɓa tunaninta: duk gidan da akwai tsohuwa a ciki, yaran gidan suna da reno, ba sai an saka su cikin mabuƙata ba. Kafin ka ce kwabo, mabuƙata suka koma 'yan tsiraru. Ciyaman ya ji daɗi, ya jingine maganar gini, ya ce ranar Talata in zo in yi wa kansiloli bayani da bakina. Har sabuwar shadda na ɗinka, ina jiyo ƙanshin ƙarin girma. Abin da na manta shi ne tsofaffin nan duk Islamiyya ɗaya suke zuwa, kuma mahaifiyata a sahun gaba take zama.

Ranar Talata matata Sakina ta wuce asibiti aikin safe. Na saɓa Anas a kafaɗa, na ja hannun yayarsa Suwaiba, muka shiga sashen Inna kamar kullum. Na tarar ta yafa mayafi tana neman takalmi ƙafa ɗaya.

"Inna, ina zuwa haka da sassafe? Ga mutanenki na kawo."

"Mutanena? An ce kai ne ka gaya wa gwamnati ba a buƙatar gidan reno tunda muna nan da ranmu."

Na hau kame-kame. "Ai Inna, girmamawa ce. Aikinku muka shigar cikin ƙididdigar hukuma."

"Ashe! Wato yanzu ni ma'aikaciyar gwamnati ce?"

"Kusan haka ne," na ce, ina duba agogo, Anas kuwa yana goge majina a kafaɗata. "Don Allah ki karɓe su, ciyaman yana jirana."

Ta zura takalminta, ta kulle ɗaki, ta ɗaure makullin a bakin zane.

"To ka tafi da su ka gaishe shi. Ni da sauran ma'aikata yau muka shiga yajin aiki."