Rasuwar Shuɗiya, Motar da Aka Sauke wa Kaya Har Ta Mutu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ma'aikacin gidan waya da aka fi sani da Mai Sikeli yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar motar gidansu, Shuɗiya, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a tsakiyar hawan da ke kaiwa asibitin ido. Ta yi shekara ashirin da shida a hannun iyalin. Mai sanarwar ya nemi a rubuta tun daga farko cewa ba tsufa ne ya kashe ta ba.

Mahaifinsa marigayi, wanda kafinta ne, shi ya kawo ta gidan. Ta ɗauki katako a kanta, ta ɗauki buhunan siminti a bayanta, ta kai masu naƙuda asibiti ta dawo da su da jarirai. Ba ta taɓa yi wa kowa gardama ba sai da sanyin safiya, shi ma tari biyu ne, "kirrr, kirrr," a na uku ta tashi. In an bar ƙofa a buɗe takan ce "tin, tin, tin," cikin ladabi, har a rufe. In ta ji zafi, allurarta takan ɗaga kai a hankali, a tsaya a ba ta ruwa, a ci gaba da tafiya. Aibinta ɗaya ne, hawa yana ba ta wuya, kuma wanda ya san abin da ta ɗauka a rayuwa ba zai ga laifinta ba.

Ciwon ajalinta daga kan mai ita ya fara. Mutum ne da ya shekara goma sha tara yana auna ƙunshin kayan mutane, har ya zamana in ya kalli abu, nauyinsa yake fara gani. Wata rana abokin aikinsa na tagar kusa ya nuna masa a waya yadda masu tseren mota ke kwashe kayan cikinta don ta yi sauƙi, ta rage shan mai, ta tashi kamar tsuntsu. Ranar Asabar ya aro sikelin ofis ya kawo gida.

Da tarkacen but, ma'ajiyar kaya ta baya, ya fara, kuma da ya tsaya a nan da yau ba a rubuta wannan takarda ba. Sai kafet ya bi. Sai kwalayen ƙofofi, sai rediyo, sai yadin da ke cikin rufin sama, sai na'urar sanyi da ta daɗe ba ta aiki. Duk abin da ya ciro sai ya ɗora a sikeli ya yi murmushi. Ranar da ya fito da kujerar baya da ta gefen direba, matarsa ta tsaya a ƙofar gareji tana share hannu.

"Baban yara," ta ce, "mota kake gyarawa ko kaza kake figewa?"

Ya yi dariya, ya ce mata ba ta san kimiyya ba.

Tsohon bakaniken da ya san Shuɗiya tun zamanin mahaifinsa ya leƙa cikinta, ya ga ƙarfe tsirara. Ya ce, "Yallaɓai, ka riga ka yi. Amma abin da ke bayan sitiyari kada ka taɓa shi. Ta nan take faɗin abin da ke damunta."

Mai Sikeli ya ce to. Ranar Lahadi ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyarin da filaya a hannu, ya ga ƙullin wayoyi da ya ɗauka na rediyo ne da na'urar sanyi, ya datse su. Ko rabin kilo ba su kai ba. A cikinsu akwai wayar allurar zafi da ta fankar da ke sanyaya inji.

Talata ita ce ranar da za a cire wa mahaifiyarsa yanar ido, bayan wata huɗu tana jiran layi. Inna ba ta gani sosai, amma ba ta buƙatar ido ta shiga wannan motar, don tun mijinta na raye wurinta ɗaya ne, bayan direba. Ta buɗe ƙofa, ta miƙa hannu inda ta saba dafawa, hannun ya faɗa cikin iska.

"Ina kujerar?" ta tambaya.

"Na cire, Inna. Don motar ta huta."

Ya shimfiɗa mata matashin kujerar falo a kan ƙarfe. Ta tattara zaninta ta zauna. Mai sanarwar yana shaida cewa a hanya bai waiwaya ya dube ta ba ko sau ɗaya, domin hankalinsa na kan yadda Shuɗiya ke wuce motoci, abin da ba ta taɓa yi ba. Allurar zafi kuwa na kwance a ƙasa, shi kuma yana yaba mata.

A tsakiyar hawan ƙauri ya fara shigowa. Tururi ya taso ta gefen bonet. Marigayiyar ta ce "tak, tak, tak," da wata murya da ba a san ta da ita ba, ta ja jiki zuwa gefen titi don kada ta tare wa kowa hanya, ta yi shiru. Kafin a sami motar haya da za ta tsaya a wurin, likita ya rufe sunayen ranar. An mayar da aikin Inna zuwa wata uku masu zuwa.

Da suka dawo inda motar take, Inna ta lallaɓa ta ɗora tafin hannu a rufinta mai zafi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ubanka ya yi shekaru yana ɗora mata, ba ta mutu ba. Kai ka sauke mata, ta mutu."

Bakanike ya buɗe injin ya tabbatar ya buga, ba tashi. Bai ce ai ya faɗa ba, kuma mai sanarwar ya fi son da ya faɗa.

Marigayiyar ta bar Inna, wadda za ta ƙara wata uku tana laluben bango. Ta bar matar gida, mai bin motar haya zuwa aiki yanzu, wadda har yau ba ta sake ambaton kaza ba. Ta bar 'ya'ya uku da ke tafiya makaranta a ƙafa. Ta kuma bar kilo ɗari da arba'in na jikinta, jere a gareji cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da motar ja. Ya riga ya zo ya gan ta, ya ce shi da nauyi yake saye, wannan kuwa wani ya riga shi. Kafin ranar, mai sanarwar zai mayar mata da kafet ɗinta, da kwalayen ƙofofi, da rediyo, da wayoyin nan, shi da kansa, don kada ta fita daga gidan tsirara. Kujeru ne kawai za su tsaya, har da ta direba, saboda mutumin ya ce ba ya ɗaukar soso.

Masu zuwa ta'aziyya kada su damu da wurin zama. Kujerar direba da ta gefensa suna ƙofar gareji don baƙi. Ta baya ta Inna ce, a kanta za ta karɓi gaisuwa. Shi Mai Sikeli zai karɓi tasa a tsaye.