Idon Abu Sanad Ya Fi Sikeli

Duk wanda ya hau jirgi mai saukar ungulu daga birnin Aƙaba, ya je ya kalli duwatsun Wadi Ram ta sama, ya kuma dawo gida da ransa, to bayan Allah sai ya gode wa Ustaz Fawwaz Abu Sanad. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai da dalili.

Shi ne Babban Daraktan Kiyaye Lafiyar Fasinja na kamfanin Shahon Rairayi, mai jirage biyu, ɗaya yana tashi, ɗayan ana ciro masa kayan gyara. Kada wani ɗan hassada ya ce don mai kamfanin, Abu Laith, yana auren ƙanwarsa ne ya samu kujerar. Da ilimi ya same ta. Kwas ya yi na kwana uku a tsibirin Kubrus, ya ma daure ya halarci kwana biyu daga ciki. Tun daga nan ba a sake ganinsa ba falmaran mai ɗaukar ido da usur a wuya ba, ko da gidan biki zai je.

Kowace safiya sai ya jera baƙi a rana ya yi musu huɗuba. “Ya ku baƙinmu masu daraja, sama ba ta san wargi ba. Shekara tara ina tsaron ta, ko tsuntsu bai taɓa kai ƙarata ba. A tofar da cingam!”

Jirgin ɗan ƙarami ne, fasinja uku yake ɗauka da matuƙi. Idan zafi ya tsananta, farfela ba ta samun iskar kirki da za ta kama, kilo goma ma sai ya zama magana. Shi ya sa doka ta ce kowa ya hau sikeli kafin ya hau jirgi. Abu Sanad yana girmama dokar nan matuƙa a kan Jamusawa masu gajeren wando. Su kam har kyamararsu da gorar ruwansu sai an auna.

Amma fa in baƙo ɗan gida ne mai daraja, wanda aka shimfiɗa wa darduma aka zuba wa gahawa, ina! “Rago ake ɗorawa a sikeli, ba ɗan mutunci ba,” in ji shi. Irin waɗannan da ido yake auna su, kuma idon nasa akwai ladabi. Gwargwadon girman muƙaminka, gwargwadon raguwar nauyinka. Basha, wato babban mai muƙami, ba ya wuce kilo saba'in da biyar. Kowace Hajiya hamsin da biyar ce, ko da mutum biyu ne suka taya ta hawa. Shi kansa saba'in da takwas yake rubuta wa kansa tun ranar angoncinsa. A bayan idonsa ma'aikata Basha Sikeli suke ce masa, ya ji kuma ya ɗauka yabo ne.

Matuƙin, Kyaftin Ghazi, tsohon sojan sama ne, ba ya son doguwar magana. In an miƙo masa takarda sai ya zaro fensir ya yi nasa gyaran a asirce, ya ƙara wa Basha ashirin da biyar, Hajiya talatin, Shehin ƙabila arba'in. In lissafi ya ƙi, sai ya ce injin na tari, a yi sawu biyu. Haka aka shekara tara ba haɗari, har kamfani ya ba Abu Sanad lambar yabo.

Ana nan sai lasisin kamfani ya zo ƙarewa a tsakiyar watan Agusta, hukuma ta ce za ta turo mai bincike. Abu Laith ya ja surukinsa gefe ya ce, “Abu Sanad, in lasisin nan ya kuɓuce, kujerarka ta bi shi. Wallahi ko ƙanwarka ta yi kukan jini.”

“Kwantar da hankalinka, Abu Laith. Ba a haifi mai binciken da zai ci mansaf ɗina ya rubuta sharri ba.”

Aka yanka raguna biyu don mansaf ɗin, wato shinkafa da nama a babban tire. Aka gayyato Shehi Mit'ib Abu Faris, wanda ake ratsa samaniyar ƙasar kakanninsa kullum, don ya ƙara wa taro kwarjini. Shehin nan in ya zauna a kujerar mutum biyu, ba a yi wa na biyun tayi. Don kada ya ga sikeli ransa ya ɓaci, Abu Sanad ya sa aka lulluɓe shi da kyalle aka ɗora butar gahawa a kai.

Mai binciken da aka yi tsammanin ƙaton mutum ne mai gashin baki, sai ga wata 'yar siririyar mata, Injiniya Hiyam, da tabarau da littafi. Loma uku ta yi ta ce alhamdulillahi. Shehi da Abu Sanad kuwa suka naɗe hannun riga suka yi wa tire adalci. Da azahar, rana na dukan kwalta, Abu Sanad ya busa usur ya sanar cewa shi da kansa zai raka manyan baƙi sama. Ya miƙa wa matuƙi takarda: Shehi saba'in da biyar, Injiniya hamsin da biyar, Darakta saba'in da takwas.

Kyaftin Ghazi ya kai hannu aljihu zai zaro fensir, sai ya ga tabarau na kallonsa. Ya mayar da hannunsa.

“Ustaz, ina sikelinku?” in ji Injiniya.

“Haba 'yata! A gaban Shehi? Ai idon nan nawa, ba yabon kai ba, a Kubrus ma sai da suka yi mamaki.”

Ta je da kanta ta sauke butar gahawa, ta yaye kyalle, ta hau. Sittin da ɗaya. Sannan ta juya ta ce, “Baffa Shehi, ko za ka taimaka?”

Abu Sanad ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi kuwa Shehi tsalle ɗaya ya yi ya haye yana dariya. Allura ta zagaya ta tsaya a ɗari da talatin da biyu.

“Masha Allahu!” in ji Shehi yana shafa tumbi. “Mahaifina ma bai kai haka ba. Nawa aka rubuta mini?”

Aka nuna masa. Nan take fara'a ta ɗauke.

“Saba'in da biyar? Ni? Kai Fawwaz, jinya ka ga ina yi, ko kuwa so kake ƙabilu su ji cewa gidan Abu Faris ba a cin abinci? Wa ya aiko ka ka zubar mini da mutunci a takardar hukuma?”

“Allah ya ja zamaninka, girmamawa ce...”

“Girmamawa ta rage mini rabi? Hau mu ga naka!”

Ya hau, ba don yana so ba. Ɗari da goma sha tara. Ya ce mansaf ne. Ya tuɓe takalmi, ya cire falmaran, ya aje usur da makullai, ya riƙe numfashi. Ɗari da goma sha takwas. Ya fara bayanin cewa sikelin Jamusawa ne, bai saba da mutanen ƙasa ba, amma ba mai sauraro. Kyaftin Ghazi ya yi lissafi a fili karo na farko cikin shekara tara, ya ce da wannan lodin a wannan zafin, da sun tashi, dutsen farko ne masaukinsu.

Injiniya ta zauna ta yi rubutu. Abu Laith ya matso kusa da ita.

“Injiniya, lasisin fa?”

“Za a sabunta. Jirginku lafiya lau, matuƙinku ya san aikinsa. Sharaɗi ɗaya ne, ga shi nan ka karanta.”

Abu Laith ya karanta da ƙarfi, Abu Sanad na tsaye ba takalmi, kwalta na gasa masa ƙafa: “Abin da ke barazana ga rayukan fasinja a wannan fili guda ɗaya ne. Na gan shi, na auna shi, kilo ɗari da goma sha takwas ne. A kawar da shi kafin jirgi ya sake tashi.”